Taku Ɗari Uku Zuwa Ƙofar Malam Tanimu

Kwanakin baya wasu masu shirya fim suka zo har gida, suna so in nuna musu zauren da za su ɗauki wani sashe na labarin da na rubuta musu. Abin da suke nema bai taka kara ya karya ba: zaure na ƙasa, da tabarma, da dattawa huɗu ko biyar suna ɗinkin riga da hannu suna hira. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, a unguwarmu ta Kusfa fa muke, cikin tsohon birni. Muka fita, mu shiga wannan lungu mu ɓulla wancan, har rana ta yi tsaka. Inda na san zaure sai mu tarar da shagon cajin waya, ko an rushe an sa ƙofar ƙarfe saboda mota. A ƙarshe wasu mutane suka ɗauko, aka sa musu manyan riguna aka ba su allura, ɗayansu ya riƙe ta kamar mai soke tsire. Na yi dariya har da hawaye. Amma da na koma gida abin ya zauna mini a rai, don a irin zauren nan na tashi, kuma a cikinsa aka kusa raba ni da alƙalami tun ban kai ko'ina ba.

Zauren babanmu ba shi da girma, amma da hantsi ya ɗaga za ka tarar da mutum shida ko bakwai a ciki, kowa da riga a kan cinya. Allura ba ta da ƙara, sai dai zare in an ja shi ya yi wani ɗan sauti kamar numfashi. Abin da ake ji shi ne bugu. A bayan gidanmu masu bugu suke, tun safe suke luguden riguna a kan gungume, mutum biyu suna karɓa wa juna, kuma kowa a unguwa zai iya gaya maka wane ne ya riƙe mabugi yau ba sai ya leƙa ba. A kan wannan sauti ake hira, a kansa ake gardama, a kansa mai fura take sallama. Aikinmu lokacin ƙuruciya shi ne shara da shimfiɗa, da cika randa, da zura wa tsofaffi zare a allura, su kuma su yi ta mita wai allurar zamani ce ba ta da kafa, ba idonsu ba ne. Yanzu inji ne yake gama aikin riga cikin yini guda. Ba zagin injin nake yi ba, ni ma rigarsa nake sawa, sai dai ban taɓa ganin mutum bakwai sun kewaye shi suna hira ba.

A cikin mutanen zauren akwai wanda wurinsa ba ya canzawa, wato Malam Tanimu, aminin Baba. Shi ne mai zayyana. Kafin a soka allura a riga sai ya shimfiɗa ƙyallen ya zana aikin da alƙalamin kara da tawada, samfurin aska biyu ne ko aska takwas, sannan Baba ya bi zanen da zare. Shekara arba'in suna haka. Kullum shi yake tahowa daga gidansa can wajen Ƙofar Kibo, ya zauna a hannun daman Baba, ba ya tashi sai an kira azahar. Dogo ne siriri, ga tsabta, ba ya cin abinci a gaban jama'a sai an matsa masa. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aure a unguwar Gyallesu. Shi da Baba ba su iya magana ba sai da tsiya. Baba ya ce zanen ya karkace, shi ya ce hannun mai ɗinkin ne ya tsufa. Baƙo zai ɗauka yau za a rabu, alhali haka suke gaisawa. Shi ne ma ya raɗa mini suna.

Ni ɗinki bai karɓe ni ba. Boko na yi, na karanci awon ƙasa, aikin safiyo. Abin da aka fara koya mana shi ne kowa ya san tsawon takunsa, ni kuma in na riƙe abu ba na saki. Birnin nan kaf na bi shi da ƙafa ina ƙirga. Na san taku nawa ne daga gidanmu zuwa masallaci, zuwa kasuwa, zuwa kowace ƙofa ta ganuwa. Har mutanen unguwa suka daina gaishe ni in sun ga bakina yana motsi a hanya, don sun san in na amsa sai na koma baya na sake farawa. Da na gama karatu wani kamfani ya ɗauke ni aikin awon ƙasan teku. Inna ta tambaye ni ko ruwan ya kai rafin Kubanni da damina, na ce ya fi. Ta ce to ana hango ɗaya gaɓar? Na ce ba a hango komai. Sai ta ce ruwan da ba shi da ƙetare ba na mutane ba ne, ta tashi ta daka mini yaji gwangwani uku.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Kafin a shimfiɗa bututun mai ko a kafa turakun rijiya a cikin teku, sai an san yadda ƙasan ruwan yake. Jirginmu yakan miƙe a kan layi guda, ya je ƙarshe ya juyo ya kama na gefensa, kamar mai huɗa a gona. A ƙarƙashinsa akwai na'urar da take aika sauti ƙasa ta saurari dawowarsa, a ɗakinmu kuma wani alƙalamin ƙarfe yana zana zurfin a kan takarda mai naɗi. Nawa shi ne in zauna in rubuta lamba, lokaci, wuri, zurfi, awa goma sha biyu a yini. Sati huɗu a ruwa, sati huɗu a gida. Satin farko ban auna komai ba sai bokitin amai. Salla ma sai da dabara, don za ka kabbara kana kallon gabas, kafin ka yi sallama jirgi ya juya da kai. Tun da ni nake ganin taswira, ni na zama mai sanar da sauran Musulmin jirgin cewa layin nan dogo ne, kowa ya yi alwala. Shugaban ayarinmu wani dattijo ne mutumin kudu, mafaɗaci, maganarsa kullum ɗaya ce: abin da ba ka auna ba kada ka rubuta shi. Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu, ita ce kuma ta ja mini.

In na dawo hutu zaure yakan sa ni a gaba da tambaya. Na gaya musu akwai tuddai da kwazazzabai a ƙarƙashin ruwa, wasu suka ce Allah mai iko, wasu suka ce tun da yaron nan ya fara cin kifi ya koyi ƙarya. Malam Tanimu ya tambaye ni da idona na ga tuddan? Na ce a'a, sauti ne yake gaya mana. Ya juya ya ce wa Baba ya ji, ɗansa wata guda yake yi yana jin gulmar ruwa ana biyan sa. Daga nan suka laƙaba mini Na-Teku, sunan da har yau tsofaffin unguwa ba su san ni da wani ba.

Samarin da suke wannan aiki yanzu suna da waya a aljihu, mutum yana tsakiyar ruwa yana kallon tuwon da ake tuƙawa a gidansu. Mu a lokacinmu in ƙasa ta ɓace maka, ta ɓace ke nan sai ranar dawowa. In na sauka daga aiki nakan zauna a bayan jirgi inda inuwa take, in rufe ido in shiga birni da ƙafa. In fara daga ƙofa, in bi lungu ina ƙirga, in ji ƙanshin ƙosai a inda ake soya shi, in ji bugu. A hankali mutane suka fara fitowa daga gidajen suna magana, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba. Na nemi ragowar littafin awo, na juya bayansa na fara rubuta abin da suke cewa. Haka na zama marubuci, ba wani shiri. Ko rubutun fim da na shiga daga baya bai ba ni wuya ba, don shi ma lamba ne da wuri da lokaci, sannan a faɗi abin da ido ya gani. Abin da na shekara ina yi ke nan a ɗakin awo.

Labarina na farko a kan wani makwaɗaici ne da na sa wa suna Malam Na-Akushi, mutumin da ba a suna ko ɗaurin aure ko walima a birni ba da shi ba, an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba. Daga kaina na ƙago shi. Amma da na zo ba shi gida sai halin safiyo ya motsa. Na kasa rubuta "wani gida a wata unguwa", hannuna ƙi ya yi. Sai na tsaya a Ƙofar Kibo a cikin zuciyata, na rubuta cewa in ka shigo ka yi taku ɗari biyu, ka juya dama wajen tsohuwar rijiya, ka ƙara taku ɗari, za ka ga durumi da dutsen zama a gindinsa, ƙofar da take kallon durumin ita ce tasa. Ba zan yi ƙarya ba, na san ƙofar wane ne. Na zaɓe ta ne don ina son ta, ta fi kowace ƙofa zama a idona. Na ɗauka tun da na canza suna, na yi mutumin gajere mai tumbi, shi ke nan. Wa zai karanta labarin ban dariya ya tsaya bin lissafi? Na manta a birni muke, inda ba abin da ya fi wa mutane daɗi irin su gano da wa ake.

Na miƙa wa wani mai maɗaba'a rubutun kafin in koma ruwa. A wannan tafiyar aiki ya yi yawa, na yi wata biyu ban sauka ba, littafi ya fito ba na nan. Wanda ya fara tona asirin Ɗanladi wanzami ne, mutum mai shegen son tsokana. Wani yana karanta wa masu jiran aski littafin, da aka zo kan kwatancen sai Ɗanladi ya ajiye aska, ya bar mutum da rabin kai, ya ce a tashi a gwada. Suka ɗunguma Ƙofar Kibo, mai rabin kan ma yana biye, suna ƙirga da ƙarfi. Taku na ɗari uku ya dire a dokin ƙofar Malam Tanimu daidai lokacin da yake fitowa. Daga ranar sunan ya bi shi. A wajen wani suna aka tura masa akushi uku a gaba aka fashe da dariya, mutumin da ko goro ba ya ci a tsaye. Ya tattara rigarsa ya tafi gida. Bai sake zuwa taro ba, bai kuma sake zuwa zauren Baba ba.

Ni duk ban sani ba. Na sauka a tasha ina taƙama, da kwalin busasshen kifi na tsaraba. Tun daga bakin lungu ake nuna ni ana dariya, ana cewa Na-Teku ya dawo, ni kuwa ina ɗaga hannu kamar ɗan takara, a zatona suna ne na yi. Sai da na shiga zaure na ga hannun daman Baba ba kowa, ga wata farar shadda a ninke a wurin, ba zane a jikinta. Na ɗauka rasuwa aka yi. Baba ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya bari na ci abinci, ya bari jama'a suka watse, sannan ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗaga ta sai a kan Malam Tanimu. Ya ba ni labari daga farko har ƙarshe, ya ce yau wata guda da kwana tara. Ya ce shi ba shi da fuskar da zai kalli mutumin nan da ita, ɗansa na cikinsa ya mai da shi abin dariya. Na fara rantse-rantse cewa ba da shi nake ba, ya ɗaga mini hannu.

"Ya ji littafin nan a bakin mutane," in ji Baba. "Ka je ya ji shi a bakinka, daga bisimilla har tamat, kamar yadda ake karanta littafi a gaban malami. In Tanimu ya dawo wurinsa, ka ci gaba da rubutunka. In bai dawo ba, ban yarda ka sake rubuta ko layi ɗaya ba, sai na aikinka."

Baba ba ya magana biyu. Na san in na koma ruwa ba a gyara ba, to ni da labari sai dai in ji a bakin wasu. Na ji tsoro ƙwarai, don na riga na ɗanɗana, ban san yadda zan yi sati huɗu a tsakiyar teku ba tare da rubutu ba.

Malam Tanimu Larabci yake karantawa da ajami, bai yi boko ba. Washegari bayan la'asar na je, na tuɓe takalmi tun daga gindin durumi, na yi sallama na durƙusa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya nuna mini bakin tabarma da haɓa, ya ci gaba da fiƙe alƙalaminsa. Na buɗe na fara. Na karanta babi guda, shi yana ta fiƙa. Da na rufe ya ce, "Gobe." Haka muka yi kwana uku, ni karatu, shi fiƙar alƙalami, har na fara tunanin karan zai ƙare kafin littafin.

Rana ta huɗu Ɗanladi wanzami ya leƙo, wai wucewa yake yi. Malam bai kore shi ba. Kafin sati zauren ya cika, har da masu ɗinkin zaurenmu, kowa ya ɗauko rigarsa ya taho, aka bar Baba shi kaɗai. Wahalar da mutanen nan suka sha ba kaɗan ba ce, don dariya tana cin su, ga mai gida a zaune fuska a ɗaure. Wani ya cusa kai cikin rigar da yake ɗinki, wani ya ƙirƙiri tari ya fita. Har muka zo inda Na-Akushi ya halarci suna biyu da safiya ɗaya, ya cika aljihun rigarsa da waina mai zafi, mai ya ɓullo ta cikin aikin ɗinkin, kuliyoyin unguwa suka raka shi har gida. Sai na ga kafaɗar Malam tana motsi. Ya ajiye alƙalami ya ce in dakata. Ya ce wurin nan kuskure ne, duk wanda ya san wahalar da ake sha kafin a cika aikin aljihu da zaren tsamiya ba zai zuba masa mai ba, komai kwaɗayinsa.

"Mai hankali a hula yake sawa," in ji shi.

Zaure ya kaure da dariya. Ɗanladi yana dukan tabarma yana cewa ashe Malam ya san hanya, shi ma Malam ɗin ya dara har ana ganin giɓinsa. Daga ranar karatu ya koma biki. Yakan tsayar da ni ya gyara mini magana, ya ce ba haka mutanen birni suke yin barka ba, ba haka ake miƙa wa babba goro ba. Kuma duk yana da gaskiya. Gyaran da na samu a zauren nan ban samu irinsa a wajen kowane edita ba. 'Yarsa ta ji labari ta fara aiko da kunun gyaɗa daga Gyallesu. Yanzu in na gama rubutu ta waya nake turawa, can bayan kwana biyu a turo mini hoton babban yatsa, ban san inda aka yi dariya ba, ban san inda aka yi hamma ba. A zauren nan kuwa ina gani da idona, mutum ashirin allura a hannu sun manta da ita suna jiran bakina. Ban taɓa jin daɗin wani abu da na rubuta kamar kwanakin nan ba. Kullum in na koma gida sai in ce wa Inna an kusa. Sai dai kowace safiya in na leƙa zaure, hannun daman Baba ba kowa.

Saura kwana uku in koma ruwa muka zo babin ƙarshe. A wancan zamani mun ɗauka labari bai cika ba sai an hukunta mai laifi, don a ce an koyar da darasi. To ni ma na hukunta Na-Akushi. Na kwantar da shi ciwo, na sa ya yi ta sauraren sallama a ƙofa, ba wanda ya zo, saboda bai taɓa zuwa wurin kowa don Allah ba sai don ciki. Ya rasu shi kaɗai. A jirgi da na rubuta wurin har yaba wa kaina na yi. A zauren kuwa tun ina tsakiya na fara da-na-sani. Na kai aya na rufe. Ba wanda ya motsa, ko Ɗanladi kansa a ƙasa.

Malam Tanimu ya gyara zama. Ya ce takun da na ƙirga daidai ne, shi ma da kansa ya gwada. Durumi daidai, dutse daidai. Ya ce zancen kwaɗayi ya ji haushinsa kwana biyu ya wuce, ai shi ma ya tsokani mutane a rayuwarsa. Sai dai tun farko an gaya masa yadda labarin ya ƙare.

"Ka shigo gidana da awo, ka kwantar da mutum, ka ce ba shi da aboki ko ɗaya," ya ce. "Sai na ce bari in zauna in gani, ko yaron nan ya hango abin da ban hango ba. Shekara arba'in ni nake zuwa. Na ce bari in ga wa zai zo." Ya dubi ƙofa, ya dube ni. "Yau wata biyu. Ku duk kun zo, na gode. Amma har yanzu littafinka bai yi ƙarya ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Takalmina a gindin durumi na bar su, Ɗanladi ne ya kawo mini daga baya. Na tarar da Baba shi kaɗai yana ɗinki, na zube a gabansa ina haki, na maimaita masa maganar yadda na ji ta ban rage komai ba. Allura ta tsaya a hannunsa. Ya ce, "Ni yake jira?" Na ce shi. Ya fara cewa shi da yake ɓoye fuska don kunya, ashe, bai ƙarasa ba. Ya ɗauki farar shaddar nan ya saɓa a kafaɗa ya fita da hular zaman gida a kansa, mutumin da ko masallacin ƙofar gida ba ya zuwa sai ya canza hula. Ina biye, da ƙyar nake cim masa.

Ya yi sallama a ƙofar zauren, mutane suka matsa suka ba shi hanya. Na zaci za a yi kuka ko a rungumi juna, yadda da ni nake rubutawa zan sa su yi. Ko kusa. Baba ya jefa masa shaddar a cinya, ya ce wata biyu mai riga yana yi masa sintiri saboda wani rago ya ƙi aiki. Malam Tanimu ya ce ashe ƙafafun nan suna tafiya, shi ya ɗauka an dasa shi ne a zaure kamar turmi. Baba ya ce hanyar ce ba ta da kyau, duk kwata. Malam ya ce shekara arba'in yana bin ta bai mutu ba. Suna faɗa, hannun Malam yana shimfiɗa ƙyallen yana shafawa, Baba kuma ya riƙe masa ɗaya gefen tun ba a ce ya riƙe ba. Idon kowannensu ya yi ja. Mu muka yi kamar ba mu gani ba.

Kafin a tashi Malam ya yanke mini hukunci. Ya ce zai dawo wurinsa gobe da hantsi, amma da sharaɗi. In sake rubuta labarin, in tashi Na-Akushi tun da ni na kashe shi, in ba shi aboki. Kuma abokin ya zama mai taurin kai, wanda ba ya zuwa gidan kowa, sannan in auna hanya daidai yadda Ɗanladi zai kai jama'a har ƙofarsa. Aka sake kwashewa da dariya, kowa ya juya yana kallon Baba. Baba ya yi tsaki ya ce zanen ya karkace.

Washegari da hantsi sai ga shi, ya zauna a hannun dama kamar jiya ya tashi. Inna ta ji muryarsa daga cikin gida, ta aiko da waina da gangan. Malam ya dubi kwanon, ya cire hularsa ya miƙa. Ranar ba a yi ɗinkin kirki ba. Dukansu biyu sun daɗe da komawa ga Allah, shekara guda ce tsakaninsu, Allah ya ji ƙansu. Na rubuta littattafai da dama bayan nan, a ruwa da a tudu, an yi fim da wasu, amma ban sake auna ƙofar mai rai ba sai da izninsa.

Ranar da zan koma ruwa Baba ya rako ni har bakin lungu, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ni ko ina da isasshiyar takarda, na ce ina da ita. Na durƙusa zan yi masa sallama, sai ya tsaya yana kallon wani wuri.

"Wannan abokin da za ka rubuta," ya ce, "ka yi shi yadda ka ga dama. Ka ce mafaɗaci ne, ka ce marowaci ne, ban damu ba. Abu ɗaya nake so. In Na-Akushi ya kwanta ciwo, ka kai ni da wuri."

Na ce to, Baba. Da na zo wurin a cikin littafin, ina tsakiyar teku, tun ranar farko ta ciwon na kai shi.